Ramukan Kuza Da Tsofaffin Barikoki A Ƙasar Jos

Jawabin da wani jami'in watsa labarai na Gwamnatin Tarayya ya yi wa jama'a a Laranto, cikin garin Jos

 Na san da yawa daga cikinku sun rufe rumfa tun kasuwa ba ta watse ba domin su halarci wannan zama. Allah ya saka da alheri, ya mayar muku da cinikin da kuka bari.

Aikina shi ne fassara takardun Gwamnati daga Turanci zuwa Hausa, da kuma kai wa jama'a bayani da baki inda takarda ba ta isa ba. Kwanan baya wani rubutu ya zo hannuna a kan mutanen da ke yin doguwar tafiya cikin hamada don kawai su ga tsofaffin ramukan ma'adinai da garuruwan da aka tashi aka bari. Sunan da Turawa ke kiran irin wannan wuri, in an juya shi kai tsaye, zai zama "garin fatalwa". Na daɗe da alƙalami a hannu ina jujjuya kalmar, daga bisani na ga ba mu da bukatarta. Bahaushe yana da tasa tun kaka da kakanni, watau kufai, ginin da ya rage a ciki ba rufi kuwa kango ne. Babu wata fatalwa. Mutane ne suka zo neman wani abu, abin ya ƙare, suka tashi.

Irin wannan kufai yana da yawa a duniya. Wanda ya fi kusa da tarihinmu shi ne Tagaza, can cikin Sahara a arewacin ƙasar Mali ta yau, inda aka yi haƙar gishiri. Shahararren matafiyin nan Ibn Battuta ya sauka a can a shekarar 1352, ya tarar da gidaje da masallaci duk an gina su da sassaƙen gishiri an rufe da fatun raƙuma, ba itace ko guda. Wajen ƙarshen ƙarni na 16, bayan jayayya a kan wurin tsakanin Maroko da daular Songhai, masu haƙa suka koma Taudeni, Tagaza ta zama tarihi. A ƙasar Namibiya akwai Kolmanskop. Cikin 1908 wani leburan jirgin ƙasa ya tsinci lu'ulu'u a rairayi, kafin a ce me Jamusawa sun gina gari a tsakiyar hamada, da asibiti da makaranta da gidan wasa, har da injin yin ƙanƙara. Da aka sami lu'ulu'u mafi yawa can kudu, sai gari ya yi ta zubewa, ya zuwa 1956 ba kowa. Yau rairayi ya shiga ɗakuna, wani wuri har ya kai taga, masu yawon buɗe ido suna sayen takardar izini su shiga su ɗauki hoto. Haka kuma Humberstone a hamadar Atakama ta ƙasar Cile, inda aka haƙi wani gishiri da ake yin taki da albarushi da shi: an rufe wurin a 1960, a 2005 kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Abin bai tsaya a zamanin da ba. A maƙwabciyarmu Nijar, ramin yuraniyom na Akuta kusa da Arlit, wanda ya fara aiki a 1978, an rufe shi a watan Maris na 2021.

To, me ya kawo wannan zance Laranto? Dalili shi ne mu ma muna da namu kufan, kuma ya sha bamban da nasu ta hanyar da ta shafi rayukan 'ya'yanmu. Kufan hamada busasshe ne, ba kowa kusa da shi. Wanda ya je can da ƙafarsa ya kai kansa, da guzuri da ja-gora. Ruwan da ke sauka a Kolmanskop a shekara bai kai milimita 50 ba. Namu a nan Jos kimanin milimita 1,400 ne. Ramin da aka bari a hamada rairayi ne ke binne shi sannu a hankali. Ramin da aka bari a ƙasar Jos kuwa damina kan mayar da shi tafki, sa'an nan gari ya girma ya kewaye shi. Mu ba baƙi ba ne masu zuwa kallo. A cikin kufan muke noma, a ciki muke kiwo, a gefensa muke gina gidaje. Yaron da ya tashi daga nan Laranto da safe ba ya bukatar fasfo ko kuɗin jirgi kafin ya isa bakin rami.

Kafin in yi maganar haɗari, bari in ɗan koma baya, domin wanda bai san yadda aka yi rami ba, ba zai san yadda rami ke kisa ba.

Ba Turawa ne suka fara gano kuza a wannan ƙasa ba. Tun kafin zuwansu akwai maƙera a Ririwai ta ƙasar Kano da Ririwain Dalma ta wajen Bauci, suna wanke kuza a rafi da ƙwarya, su narkar da ita, su zuba ta siri-siri kamar tsinke, fatake su kai Kano da wasu kasuwanni. A nan zan ɗan ratse a matsayina na mai fassara: mutanen da suna kiran wannan farin ƙarfe dalma, kuma da sunan nan suke kiran wancan ƙarfe mai nauyi da ake yin harsashi da shi, alhali kuwa abubuwa biyu ne daban. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa. Waɗannan tsinkayen ne Turawan Kamfanin Neja suka gani a kasuwa suka bi sawunsu. A 1902 kamfanin ya aiko wani injiniya, George Nicolaus, ya tabbatar da cewa akwai kuza a rafukan da ke gangarowa daga tsaunin nan. Bayansa Kanar Laws ya zo, ya sauka a Tilden Fulani, sa'an nan ya kafa sansani a Naraguta, nan kusa da mu, a bakin rafin Dilimi. Cikin 'yan shekaru kamfanoni suka yi caa a kan ƙasar.

Da fari a ka ake ɗaukar kuza. Daga baya aka shimfiɗa ƙaramar hanyar jirgi daga Zariya, wadda ta iso Jos da Bukuru a 1914, aka yi amfani da ita har 1957. Babbar hanya ta Fatakwal ta biyo ta Kafanchan ta iso a 1927. Kamfanin NESCO, wanda aka kafa a 1929, ya riƙa samar da wutar lantarki daga ruwan Kurra domin injunan haƙa, shi ya sa wasu barikokin daji suka sami wuta tun manyan birane da yawa suna kunna fitilar kananzir. Mutane suka yi ta kwararowa daga Kano da Katsina da Sakkwato da Zazzau da Barno, daga ƙasar Tibi da ƙasar Ibo da ƙasar Yarabawa, har daga ƙasashen da Faransa ke mulka. Kowane kamfani ya kafa barikinsa, da sarkin bariki da magajiya da kasuwa. Ku saurari sunayen garuruwan da kuka sani: Barikin Ladi, Gindin Akwati, Dorowa Babuje, Sabon Gidan Kanar, Mai Adiko, Mai Idon Toro. Duk bakin leburori ne ya raɗa su. Kalmar nan ma ta "ɗan bariki", da duk abin da take ɗauke da shi na yabo da zargi, ta ci kasuwarta a irin waɗannan wurare.

Wajibi ne kuma in faɗi abin da ba a cika faɗa ba. Ƙasar da aka tona ba daji ba ne marar mai shi. Gonaki ne da wuraren tsafi da maƙabartu na mutanen Birom da Anaguta da Afizere da maƙwabtansu, kuma diyyar da aka biya su ba ta taka kara ta karya ba. An ƙiyasta cewa ƙasar da haƙar kuza ta ɓata a tsaunin nan ta haura murabba'in kilomita 300. Su leburorin ma ba duka ne suka zo da son ransu ba. A 1942, da Japan ta ƙwace Malaya, inda Ingila ke samun mafi yawan kuzarta, Gwamnatin mulkin mallaka ta sa aka riƙa ɗibar talakawa daga lardunan Arewa ana kawo su aikin dole. Tsofaffi suna kiran abin ɗiban gwamna. Daga 1942 zuwa 1944 kimanin mutum 100,000 aka ɗiba bi da bi. Mutumin da ya saba da zafin Sakkwato aka kawo shi tudu mai tsawon kusan mita 1,200, ba bargo, ba isasshen abinci, yana tsaye cikin ruwa da kwanon sarki a ka. Ɗaruruwa suka mutu, dubbai suka gudu. A 1943 aka fitar da fiye da tan 17,000, ba a taɓa kai haka ba kafin nan ko bayan nan.

Sauran labarin gajere ne. A shekarun 1950 kolambait, wanda a da ake zubarwa a matsayin datti, ya yi daraja domin Amurka na saye tana tarawa saboda ƙarfen injin jirgin sama, har Nijeriya ta zama ita ce ke samar da mafi yawansa a duniya. A farkon shekarun 1960 aka buɗe kamfanin Maƙeri na narkar da kuza a nan Jos. Amma kuzar da ke kusa da sama ta yi ta ƙarewa, wadda ta rage tana ƙarƙashin dutse mai tsadar fasawa. Man fetur ya ɗauke hankalin ƙasa. A 1972 aka kafa Hukumar Haƙar Ma'adinai ta Nijeriya da hedkwata a Jos, aka kuma yi dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa, Turawa suka fara tattara nasu ya nasu. Da kasuwar kuza ta duniya ta karye a watan Oktoba na 1985, sai abin da ya rage ya durƙushe.

Wata shekara da rani na bi wani dattijo, tsohon heluma, zuwa barikin da ya yi ƙuruciyarsa, kudu da Bukuru. Allah ya yi masa rasuwa tun daga baya. Mun tarar da layin ɗakunan leburori, bango a tsaye, kwano an kwashe. Gidan manaja yana kan tudu, ba abin da ya rage cikakke sai murhun ɗumama ɗaki da bututun hayaƙinsa. Ya nuna mini wata 'yar taga mai sandunan ƙarfe, ya ce ta nan ake miƙo albashi ranar biya, ya nuna inda mahauta ke zama da inda makaɗa ke kwana suna kiɗa, da masallaci, da coci can gaba kaɗan. Injuna kuwa 'yan gwangwan sun yanyanke sun sayar, sai kusoshin da aka dasa cikin siminti. Mangwaron da matan bariki suka shuka suna nan suna 'ya'ya, ba mai tsinka sai yaran makiyaya. Daga nan ya ja ni bakin wani tafki mai kore shar, a kwance lumui, gwanin kyau. Na ce masa, "Baba, wannan wuri ai ya isa a kawo iyali shan iska." Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ni na san ƙasan ruwan nan tun yana busasshe. Inda kake tsaye, in ka ƙara taki uku, ba gangare ba ne, bango ne. Mu muka yanka shi."

Wannan magana ita ce kan jawabina na yau, don haka zan tsaya a kanta.

Kogi ko tafkin da Allah ya yi yana da gaɓa. Kana shiga ruwa ya kama idon sawu, ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, in ka ji tsoro ka juya. Tafkin kuza inji ne ya haƙa shi, kuma mai inji ba ya ɓata kuɗi wajen yin gangare. Yana yanka ƙasa a miƙe har ya isa inda kuza take kwance, wani wuri zurfin ya fi tsawon bene mai hawa da yawa. Abu na biyu, sanyi. Rana tana ɗumama saman ruwa kaɗai, mai iyo ya ji daɗi, da ya nutsa kaɗan sai ya faɗa cikin ruwa mai sanyin ƙanƙara, numfashi ya sarƙe, jijiyar ƙafa ta ɗaure. Abu na uku, laka. Duk lallausar ƙasar da aka wanke shekara da shekaru ta kwanta a ƙasa, in ƙafa ta shiga ba ta fita, ga kuma tsofaffin bututu da wayoyi. Abu na huɗu, bakin da kansa, domin ruwa yana cin gindinsa ta ƙasa, saman yana nan da ciyawa kamar lafiya lau, sai ya rufta da mai wanki ko saniya. Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai. To, a nan ko gwani ya iso baki, yumɓu ne mai santsi a tsaye, ba inda zai kama.

Na sha jin ana cewa tafki kaza yana da aljani, sai ya ci mutum kowace shekara. Ba na zo yin jayayya da kowa a kan gaibu ba. Amma ina roƙonku ku lura da waɗanda yake ci. Ba ya cin tsohon da ya san yadda aka haƙa shi. Samari yake ci, da ɗalibai baƙi, da yaran da aka sake ranar Salla ko Kirsimeti. Kuma sau da yawa gawa biyu ake fitarwa, ta wanda ya nutse da ta abokinsa da ya faɗa ceto. Wanda ya ga mutum na nutsewa kada ya yi tsalle ya bi shi. Ya yi kururuwa, ya kwanta rub da ciki nesa da baki kaɗan, ya miƙa gora ko igiya ko rawani, ko ya jefa jarka marar komai da murfinta a rufe. A nan ina da roƙo na musamman ga 'yan kasuwar Katako. Guntayen katakon da ke zube a bayan rumfunanku sun isa a yi allunan gargaɗi, a kafa doguwar gora da igiya a bakin kowane tafkin da ke kusa da unguwa. Wannan ba ya bukatar jiran kasafin kuɗi daga Abuja.

Na biyu shi ne loto. Ga waɗanda za su karanta wannan jawabi a wasu jihohi, loto rami ne mai faɗin bakin rijiya wanda masu haƙa da hannu ke yi. Su nutsa ƙasa gaba da yawa har su iske jijiyar kuza, sa'an nan su bi ta a kwance ta ƙarƙashin ƙasa, ana jawo ƙasar da guga. Sana'ar ta farfaɗo domin kuza ta sake yin kuɗi: kusan rabin wadda duniya ke amfani da ita yau tana tafiya ne wajen liƙa wayoyin cikin rediyo da kwamfuta da wayar hannu. Ba na zargin saurayin da ya rasa aiki ya ɗauki diga da shebur. Amma ya san abin da yake shiga. Loton da ba a tokare shi da katako ba, da damina ƙasa ta sha ruwa ta yi nauyi, ruftawa yake yi ba sallama. Wanda aka bari kuwa ciyawa kan rufe bakinsa, mai yawon kallo ko makiyayi ya taka. Sa'an nan ga iska. A tsohon rami iskar numfashi takan ƙare, shi ya sa masu haƙar rijiya ke zura fitila tukuna su ga ko za ta mutu. Wannan dabara tana da amfani, amma ba ta nuna mugun hayaƙin nan na injin jan ruwa mai aiki da fetur, wanda likitoci ke kira kabon monoksaid. Ba shi da launi, ba shi da wari, fitila tana ci lafiya a cikinsa. Mutum zai ji ciwon kai da kasala, ya ce bari ya ɗan zauna, shi ke nan. Inji ya tsaya a waje, nesa da bakin rami, tiyo kaɗai ya sauka. Wanda kuwa sha'awar kallo ce kawai ta kai shi, ba shi da abin nema a cikin loto ko kaɗan.

Na uku ya fi wuyar bayani domin ido ba ya ganinsa. A wuraren da ake tace kuza, bayan an raba ta da kolambait, akan bar wani yashi mai laushi, mai nauyi a hannu fiye da yashin rafi. A cikinsa akwai ma'adinai irin su monazait da zirkon, masu ɗauke da sinadarin toriyom da yuraniyom. Waɗannan suna fitar da wani irin haske da ba a gani, dangin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Na asibiti ƙiftawar ido ne, likita ya auna shi. Wanda ya yi yaɓen ɗakinsa da wannan yashi kuwa, shi da iyalinsa za su kwana cikinsa shekara talatin. Masana na jami'o'inmu, har da na cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, sun yi awo a irin waɗannan wurare a Jos da Bukuru, sun tarar abin ya zarce na sauran ƙasa nesa ba kusa ba. Kada a fahimce ni a karkace: ba kowane tudun jar ƙasa da kuke gani a hanyar Barikin Ladi ne ke da wannan ba, yawancinsu ƙasar sama ce da aka ture gefe. Yashin matata nake nufi. Kada a yi bulo ko yaɓe da shi, kada a zuba shi a tsakar gida yara su yi wasa, kada kuma iyayenmu mata su soya gyaɗa da shi don yana riƙe zafi. Mai sayen yashi ya tambayi direban tifa daga ina ya ɗebo. Haka kuma kada a kawo dutsen ma'adini cikin gida a daka a turmin abinci. Kun tuna abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 domin ana niƙa dutsen zinariya a tsakar gida. Waccan ita ce dalma ta biyu da na ce ku riƙe, ba kuza ba ce, amma ƙofar da ta shigo ta nan ce, watau aikin rami da aka mayar cikin gida.

Duk da haka ba zan tsaya a gabanku in ce tafkunan nan sharri ne zalla ba, domin buhunan da ke shigowa kasuwanninmu za su ƙaryata ni. Kabeji da karas da latas da tumatir da dankalin Turawa da ake lodi daga Jos zuwa kudu da arewa, da yawansu da ruwan tsofaffin ramuka aka yi noman raninsu. Wasu ana kiwon kifi a ciki, shanu na sha, wurin shaƙatawa na Rayfield ma tsohon ramin kuza ne. Abin da ake bukata shi ne a san kowanne: wanda ruwansa ya dace da ban ruwa, wanda ya kamata a kewaye, wanda ya kamata a cike. Tun 1946 doka ta ɗora wa kamfanoni gyaran ƙasar da suka tona, aka cike wasu ramuka aka shuka itatuwan turare a kai, su ne kuke gani jere-jere, amma abin da aka gyara ɗan kaɗan ne. Dokar ma'adinai ta 2007 ta ce duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa yana hannun Gwamnatin Tarayya, ba a haƙa sai da lasisi, kuma mai lasisi ne ke da alhakin gyara wurin in ya gama. Ta kuma buɗe ƙofa ga masu ƙaramin ƙarfi su haɗu su yi ƙungiyar gama kai su yi rajista. A watan Fabrairu na 2025 Gwamnatin Jihar Filato ta ba da umarnin dakatar da haƙa saboda matsalar tsaro da yawan yaran da ke barin makaranta suna tafiya rami. Ni a ganina, uban da ya karɓi kuɗin kuza daga hannun ɗan shekara goma sha biyu ya san inda yaron ya wuni, kuma ba Gwamnati ce za ta fara tambayarsa ba.

Saura masu son zuwa kallo, ɗalibai da malamansu da masu ɗaukar hoto. Ku je, gani ya kori ji. Amma ku fara da gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, domin shi kansa ɗan kuza ne. A 1928 masu haƙa a ƙauyen Nok, kudancin Jihar Kaduna ta yau, suka tono wani ɗan kai na yumɓu. A 1943 aka kawo wa wani jami'i, Bernard Fagg, wani kan daga wajen Jama'a, wanda wani ma'aikacin kuza ya kafa a gonar doyarsa don korar tsuntsaye. Fagg ya ga kamanninsu ɗaya, ya bi barikoki yana roƙon leburori su daina fasa abin da suka tono. Ta haka duniya ta san mutanen Nok, waɗanda suka yi wannan aiki fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Har gobe mai haƙa yana iya cin karo da irinsu. Dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta hana saye da sayar da su, wanda ya tsinta ya kai rahoto gidan tarihi.

In za ku fita bariki, ku tafi da rana, cikin rani, ba mutum ɗaya ba, ku kuma gaya wa na gida inda kuka nufa. Ku fara sauka wurin mai gari ku gaishe shi, ya haɗa ku da wanda ya san inda ramuka suke. Kada ku jingina da bangon kango ko ku hau abin da ya rage na rufi. Ku kuma tuna cewa ba karyewar kasuwa kaɗai ce ta tashi wasu wuraren ba. Rikice-rikicen da suka auku a 2001 da 2008 da 2010 sun watsa ƙauyukan da suka tsira daga mutuwar kuza, kuma masu ciwon abin suna nan da rai ta kowane ɓangare. Kangon da kake ɗaukar hotonsa ɗakin uwar wani ne. A nemi izini, a kuma iya baki.

Abin da ya fi gine-ginen saurin rushewa shi ne mutanen da suka san su. Waɗanda suka ga ɗiban gwamna da idonsu kusan duk sun tafi, waɗanda suka yi aiki da kamfanoni a shekarun 1960 sun haura saba'in. Akwai su a Gangare da Dilimi da Bukuru da nan Laranto, wasunsu ma ina ganinsu a sahun gaba. Kowane ɗalibi da ke da waya a aljihu ya zauna da kakansa ya ɗauki muryarsa: wane bariki, wane kamfani, nawa ne albashin mako, wa ya mutu a wane rami, gonar wa aka tona. Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce ta inda ramukan suke, domin taswirar kamfanoni ba ta nuna loto, kuma unguwanni sababbi suna ta hawa kan tsofaffin wuraren haƙa.

Saboda haka, bayan an tashi, abokan aikina biyu za su zauna a teburin da ke bakin ƙofa da littafi. Duk wanda ya san wani tafki ko loto ko tulin yashin matata kusa da gidaje ko makaranta ko hanyar shanu, ya tsaya ya faɗi sunan wurin da unguwar da mai unguwar, ba sai ya ba da nasa sunan ba. Za mu miƙa jerin ga ofishin jami'in ma'adinai na Tarayya da ke nan Jos, mu kuma bar kwafi a hannun masu unguwanni. Mai girma shugaba, na ga dattawa biyu sun ɗaga hannu tun ina maganar ɗiban gwamna, ina roƙon a fara ba su dama kafin sauran masu tambaya.